Akwatin Mairo da Allon Jinjiri

A garin Darini akwai wani magidanci da ake kira Jinjiri, wanda ba a taɓa ambatar wani abu a gabansa ya ce bai san shi ba. Idan aka yi zancen jirgin sama a majalisar gindin darbejiya, shi ne zai bayyana inda direba yake taka birki. Idan aka koma kan takin zamani, sai ya ce ai shi ya taɓa gyara wa malamin gona kuskure. Gero da dawa yake nomawa kamar kowa, amma a bakinsa noman nan na ɗan lokaci ne, kafin duniya ta gane mutumin da take da shi.

Matarsa Mairo kuwa tana da sana'ar da duk matan garin suka san ta da ita, wato hayar littattafai. A ƙarƙashin gadonta akwai wani koren akwatin ƙarfe cike da littattafan labarai na Hausa, waɗanda ta fara tarawa tun tana budurwa, wasu da ribar ƙuli-ƙuli, wasu kuma 'yan'uwa suka aiko mata daga Katsina. Kowane labari kashi-kashi yake, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma babu wanda ba ta haɗa shi cikakke ba. Wanda bangonsa ya yage ta ɗinke shi da zare. Wata tsohuwar dillaliya mai suna Uwani ce take shiga da su gida-gida a cikin ƙwaryarta, tare da atamfofi da man shafawa. Da wannan akwati Mairo take sayen sabulu da gishiri, da shi take yin gudunmawar biki, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Ana nan sai ƙanwarta ta haihu a Zakka, haihuwar fari, mahaifiyarsu kuma ƙarfi ya ƙare mata. Dole Mairo ta tafi ta zauna har a gama wankan jego. Da safen da za ta tafi, ta durƙusa ta miƙa wa mijinta makulli.

"Malam, abu ɗaya nake roƙo. In Iya Uwani ta zo ka buɗe mata ta ɗauka, in ta dawo da su ka rufe. Shi ke nan aikin."

"Mairo, ni za ki koya wa harkar littafi?"

"A'a, Malam. Buɗewa da rufewa kawai na ce."

"Je ki abinki. Kafin ki dawo ba za ki gane sana'arki ba."

Wannan magana ita ce gaskiya mafi girma da Jinjiri ya taɓa faɗa, ko da yake shi kansa bai sani ba a lokacin.

Dama ya taɓa ganin wani ma'aikacin sakatariya a Batsari riƙe da na'urar karatu, wani ɗan allo mai gilashi da aka ce yana ɗauke da littattafai fiye da abin da jaki zai iya ɗauka. Tun daga ranar abin yake masa yawo a kai. Saboda haka ko ƙurar babur ɗin da ya ɗauki Mairo ba ta kwanta ba, ya isa majalisa ya sami abokansa biyu, Almustapha da Barau, ya shaida musu cewa zamanin takarda ya ƙare a Darini, kuma a hannunsa ya ƙare.

"Mairo ta san da wannan?" in ji Almustapha.

"Mace ake shawara da ita kan kimiyya?"

"Kan akwatinta dai," in ji Barau.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Batsari, Jinjiri ya ɗaure akwatin a bayan babur ɗin haya, ya sauka a shagon wani matashi mai sayar da wayoyi da tura waƙoƙi, ana ce masa Tayyib. Bayan an gaisa an tambayi iyali da damina, ya bayyana bukatarsa: musaya yake so, akwati a ba shi na'ura. Tayyib ya buɗe akwatin ya duba, ya tuna matarsa Rashida ba ta da abin so kamar littafi, ya yarda ba tare da jan magana ba. Sai ya fito da na'urori biyu ya ajiye a kan tebur.

"Wannan ƙaramar don karatu kawai aka yi ta. Fari da baƙi ce kamar takarda, ana ganin rubutunta ko da tsakar rana, caji ɗaya kuma sai ta yi makonni. Wannan babbar mai launi ce, amma ta hannu ce, batirinta ya gaji. A Darini kuna da wuta?"

"Muna da rana."

"To ka ɗauki ƙaramar, Malam Jinjiri."

Jinjiri ya ɗaga ƙaramar da yatsa biyu, ya dube ta kamar an ba shi sadakar da ba ta kai ba. "Wannan ai ta yi kama da wanda ya tashi daga jinya. In na shiga gari da ita, wa zai san na sayo wani abu?" Ya ɗauki babbar, mai faɗin faranti, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya gyaɗa kai. "Ilimi nauyi ne da shi. Wannan nake so."

"Sai littattafai. Akwai na kuɗi, akwai na kyauta."

"Wane marar hankali ne zai sayi abin da ake rabawa?"

"Na kyautan nan fa, yawancinsu marubutan suna..."

"Yaro, ina cikin harkar nan tun kana goye. Duk abin da aka rubuta kyauta a kansa, tura shi. Kada ka bar ko ɗaya."

Tayyib ya tura masa su duka.

Da Jinjiri ya dawo Darini bai wuce gida ba. A tsakiyar fili ya tsaya, rana tana tsaka, ya kira jama'a su zo su ga ɗakin karatun da ya shigo aljihu, ko da yake babu aljihun da zai ɗauke shi. Mutane suka taru, ya danna, ya ɗaga sama. Barau ya matso ya ƙura ido.

"Ni dai gemuna nake gani."

"Ka matsa, kai ne kake tare hasken."

Almustapha ya leƙa. "Ni ma nawa nake gani. Amma wallahi madubi ne mai kyau."

Sai da aka koma gindin darbejiya, Jinjiri ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe kawunansu su uku, kafin rubutu ya bayyana. Sauran jama'a suka tsaya suna kallon magidanta uku a ƙarƙashin riga ɗaya, suna ta cewa "ga shi can" cikin duhu.

Washegari Uwani ta zo da ƙwaryarta. Ita ƙawar kakarsa ce, saboda haka akwai wasa tsakaninsu, kuma ba ta taɓa raga masa ba.

"Angona, ina akwatin ɗiyata?"

Ya miƙa mata allon da hannu biyu. "Ga shi, tsohuwa. Duk littattafan duniya suna ciki."

"Wanga faranti?"

"Shi."

"To madalla. Mahfuza ta gidan Almustapha tana jiran na biyu. Matar Liman na uku take so. Gidan Barau ba su fara ba, gidan Manu mai caji sun gama suna son sabo. Wa zan fara kai ma?"

"Na ce miki duk suna ciki."

"Na ji. Ɗauko wuƙa ka yanka mini shi, kowane gida in kai masu nasu."

Wannan tambaya ba ta zo wa Jinjiri ba a kan hanyar Batsari, zuwa da dawowa. Amma bai saba a bar shi babu amsa ba.

"Layi za a bi. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

"A ƙasashen da suka ci gaba mutum guda ke karatu, saura su yi tagumi? Allah ya bar mu a baya."

Haka allon ya fara zagaya gidaje a cikin ƙwarya. Mahfuza ta taɓa shi da hannun da ta gama surfe, shafi ya yi tsalle ya koma wani labari daban. Matar Barau ta lashi yatsa don ta buɗe shafi kamar yadda ta saba, ta yi ta gogawa har rubutun ya kumbura ya zama kalma biyu a fuska guda. Matar Liman ta buɗe ta tarar da wani littafi mai hotunan injin jirgin ruwa, a cikin wani yare da aka kai wa malamin firamare ya ce shi ma bai taɓa gamuwa da shi ba. Kafin azahar allon ya ɗauke numfashi, sauran gidaje kuma ko ganinsa ba su yi ba.

Aka kai shi rumfar Manu, wanda yake yi wa duk garin cajin waya da sola guda. Allon ya kafa kai ya sha kamar bijimin da ya wuni a daji. Da yamma masu wayoyi suka zo suka tarar babu wadda ta cika. Ba a daɗe ana haka ba Manu ya tare Jinjiri a bakin rumfa.

"Malam Jinjiri, ko allonka ko mutanen gari. Ranar Allah ba ta isar su duka biyun."

"Solarka ce ƙarama."

"Ƙarama ce. Ka kai shi inda ke da babba."

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Matan da suka yi sa'ar samun labaran Hausa a ciki suka gano cewa kowane labari yana tsayawa ne daidai inda ya fara daɗi. A nan marubuciyar take rubuta cewa shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ya biya ta. Wanda ya fi ɗaga hankali shi ne labarin wata yarinya Fatimatuzzahra, wadda ta yi shekaru tana jiran wani Zaharaddeen da ya tafi neman kuɗi Kudu. Ga ta tsaye a tasha, ga shi ya sauko daga mota riƙe da jaka, ya buɗe baki zai yi magana, sai kyauta ta ƙare.

Uwani ta dawo ta dire ƙwarya a zaure.

"Angona, matan gari sun ce in tambaye ka mi Zaharaddeen ya ce."

"Yana nan tafe. Sai an sauke."

"Daga ina za a sauke shi? Ai ya riga ya sauko daga mota."

"Daga sama, tsohuwa. Ba za ki gane ba."

"A akwatin Mairo dai ba a taɓa barin mutum da baki buɗe ba."

A Darini sabis na waya ba ya sauka ƙasa sai ya ga dama, amma an ce a kan dutsen da ke bayan gari ana samunsa. Jinjiri ya roƙi Manu cajin ƙarshe, ya tattare riga ya hau. Bai san yadda ake biyan marubuciya ba, bai kuma da asusun da zai biya da shi, amma ya tabbata idan allon ya ga sama sosai, sauran labarin zai zubo da kansa. Ya tsaya a ƙololuwa ya ɗaga shi da hannu biyu, ya juya gabas, ya juya yamma. Wani makiyayi da ke kiwo a ƙasa ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallo.

"Malam, in sabon wata kake nema, da sauransa."

"Littafi nake saukewa."

"To Allah ya sauke lafiya."

Ba a rufe baki ba ƙafar Jinjiri ta zame a kan gansakuka. Shi ya sauka a zaune, allon ya sauka ta kusurwa. Da ya ɗauko shi, tsaga ta ratsa gilashin daga sama har ƙasa. Ya danna, ya girgiza, ya hura masa iska, ya yi masa addu'a. Allon bai ƙara buɗe ido ba.

Ko wane ne ya sami kansa a wannan hali zai yi tunanin Mairo da koren akwatinta. Jinjiri ma ya yi. Amma kafin ya iso ƙasan dutsen ya riga ya sami dabara, kuma kamar kullum ya fi sha'awar dabarar fiye da tsoron matsalar.

Ya aika Uwani ta sanar da gidaje cewa an shigo sabon tsari. Daga yau ba za a ƙara yawo da allo ba. Mata za su taru a tsakar gidan Mairo bayan la'asar, shi zai zauna a zaure bayan labule ya karanta musu gaba ɗaya. Mazaje da suka ji an ce karatu ne, suka ba da izini.

Ranar farko gida ya cika. Jinjiri ya ɗora mataccen allon a cinya, ya gyara murya.

"Sai Zaharaddeen ya ce, ina wuni. Ta ce, lafiya lau. Ya ce, ina gajiya. Ta ce, babu gajiya. Ya ce, ya mutanen gida. Ta ce, suna lafiya. Ya ce, ya Baba da jiki. Ta ce, da sauƙi. Ya ce, ya damina. Ta ce, alhamdu lillahi. Ya ce, ya shanu."

"A na ɗaya ba su da shanu," in ji wata murya daga ciki.

"Sun saya a na biyu."

Ya ci gaba. Zaharaddeen ya gaida direba, ya gaida ɗan kamasho, ya gaida mai rake. Uwani ta ɗaga gefen labule.

"Wagga marubuciya gaisuwa kaɗai ta iya? Shekara da shekaru yarinya na jira, ya zo yana tambayar ta shanu?"

Aka fara jin motsin takalma, alamar mata suna shirin tashi. Jinjiri ya lalubi kansa bai sami komai ba, domin duk cika bakinsa bai taɓa ƙirƙirar labarin da ba shi ne gwarzonsa ba. Abin da ya rage a kan nasa shi ne hirar majalisa, wadda maza suke yi da sharaɗin ba za ta wuce gindin darbejiya ba. Ya miƙa hannu ya ɗebo.

"Sai ga kawun Zaharaddeen ya iso. Shi wannan kawu mutum ne mai ibada, duk Alhamis yana azumi. Matarsa takan tashi ta dama masa kunu da asuba, ta yi masa farfesu da magariba. Amma da ya isa kasuwa, sai ya zagaya bayan tashar manyan motoci, inda wani mai tsire yake, ya juya wa hanya baya, ya ce a sa masa yaji da yawa."

Takalma suka daina motsi. Dariya ta tashi a tsakar gida, ban da kusurwar da matar Barau take zaune.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Barau ya dawo daga kasuwa yana tafiyar mai azumi, matarsa ta tare shi a ƙofar ɗaki, ta sunkuya ta shinshina gemunsa, ta koma ta zauna. Da magariba ruwan randa ta ajiye masa.

Daga nan sai gidan Mairo ya daina ɗaukar jama'a. Zaharaddeen yana nan a tasha da jakarsa, babu mai tambayarsa, domin kawunansa sun yi yawa kuma kowanne da halinsa. Akwai wanda ya ɓoye buhunan masara a rumbun abokinsa ya ce ƙwari sun cinye. Akwai wanda ya ce ya je gaida mara lafiya a Safana, ashe kallon dambe ya je. Kowace yamma mace guda takan fita ba ta yi dariya ba, kowace safiya kuma magidanci guda yakan zo majalisa bai karya ba. Jinjiri kuwa sai hura hanci yake.

"Kun ga zamani ko? Mairo ta yi shekaru ba ta tara rabin wannan jama'a ba."

Maza suka fara haɗa lissafi. Wata yamma Jinjiri ya rufe karatu da wani sabon kawu, wanda ya kama jar akuyar matarsa mai tsaga a kunne ya nufi kasuwa da ita, ya dawo ya ce ɓarayi sun sace. Jinjiri ya ce sai gobe a ji ƙarshe. Da goben ta yi, yana zama a zaure sai ga Almustapha da Barau sun yi sallama. Ɗaya ya zauna a damansa, ɗaya a hagunsa.

"Mun zo mu ƙaru," in ji Almustapha, wanda matarsa Mahfuza ta rasa jar akuya bara. "Bismillah."

Jinjiri ya kifa allon a ƙirji, ya karkata shi yadda ba za a ga fuskarsa ba.

"Sai... sai aka gano ashe kawun nan mutumin kirki ne. Ɓarayin ne da gaske. Kuma akuyar ma baƙa ce."

"Jiya ja ce," in ji Mahfuza daga bayan labule.

"Magariba ta yi jiya, ba a gani sosai."

"Malam Jinjiri, don Allah duba mini littafin. Tsagar a wane kunne take?"

Ya dubi Almustapha. Almustapha yana dubansa.

"Marubuciyar ba ta faɗa ba."

"Ta faɗa," in ji Uwani. "Jiya ta ce na hagu. Har ta ce da kuɗin ya sayi rediyo mai fitila."

"Rediyo mai fitila," in ji Mahfuza a hankali. "Wanda aka ce mini kyautar siyasa ce."

Barau bai jira ƙarin bayani ba. Ya fizge allon ya juyo da shi. Baƙi ƙirin, da tsaga daga sama har ƙasa. Ya danna nan, ya danna can, ya miƙa wa Almustapha, shi ma ya danna. Sai Barau ya fita da shi ƙofar gida, inda maza suka riga suka taru suna jiran sakamako, ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku duba. Babu ko harafi. Wannan shi ne littafin da ya san ina cin tsire ranar Alhamis."

"Ashe kana ci," in ji Liman, wanda yake tsaye a gaba.

Barau ya sauke hannu a hankali. Amma kafin a koma kansa, sauran kawunan Zaharaddeen suka kutso zaure, mai masara da mai dambe da waɗanda ba a kai ga babinsu ba. Jinjiri ya ja da baya har ya jingina da labule, yana bayanin cewa irin wannan allo a zuci yake nuna rubutu, sai wanda ya ƙware. Ana cikin haka sai wata murya ta fito daga bayan labulen, daidai kunnensa, a natse.

"Malam, sannu da karatu."

Ashe Mairo ce. Uwani ce ta aika Zakka tun kwanaki, Mairo kuma ta iso da azahar ta shiga ta ƙofar baya, ta zauna cikin mata ta saurara.

"Mairo? Ai ba a gama jego ba."

"Ba a gama ba. Na leƙa ƙarƙashin gado, Malam."

"Wato... zan yi miki bayani. A ƙasashen da suka..."

"Buɗewa da rufewa na ce."

Babu wanda ya taɓa Jinjiri a ranar. Almustapha ya ce duk abin da za su yi masa ba zai kai wanda ke jiransa a ciki ba, kuma shi ma yana da nasa a gida. Mairo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba za ta kwance kayanta ba. Ran kasuwa in akwatinta ya kwana a ɗakinta da duk abin da ke cikinsa, ta zauna. In bai kwana ba, jego yana jiranta a Zakka, kuma ba ta san ranar gama shi ba.

Tayyib ba zai karɓi fasasshen allo ba, wannan ko Jinjiri ya sani. Abin da ya mallaka da zai iya fanso akwatin shi ne ragon da yake turkawa don layya, wanda ya daɗe yana faɗa wa majalisa cewa babu kamarsa daga nan har Safana. Ranar Alhamis ya fito da shi bakin hanya. Masu babur ɗin haya na Darini kuwa, duk wanda ba kawun Zaharaddeen ba ne, to ƙanen kawunsa ne. Kowanne ya zo sai ya rage gudu, ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali da damina da shanu, ya wuce. Da ƙafa ya ja ragon har Batsari.

Tayyib ya dubi ragon, ya dubi mai ragon, ya yarda. Ya shiga gida ya fito da koren akwati a hannu ɗaya yana lilo da shi. Jinjiri ya buɗe. Littattafai ƙalilan ne a ƙasa.

"Ina sauran?"

"Suna gari. Rashida ta ga sana'ar tana da kyau, ta ba da su haya. Ta ce in faɗa maka gidajen, ka bi ka karɓa. Ka fara da gidan Zainulabidin mahauci, ga shi can mai jan ƙyaure."

"Ni zan bi gidajen mutane? Babu dillaliya?"

"Ta tafi biki. Kuma ka ce yau kake so."

Jinjiri ya ɗora akwatin a ka, ya ratsa kasuwa, ya tsaya a jan ƙyaure ya yi sallama. Wani ƙaton mutum ya fito, hannun riga a naɗe, wuƙa a kugu. Aka gaisa, Jinjiri ya ja gaisuwar iyakar yadda za ta jawu, har ta ƙare.

"Lafiya dai?" in ji mahaucin.

"Lafiya lau. Wato na zo ne wurin mai ɗakinka."

"Wurin wa?"

"Karɓar littafi. Littafi kawai."

"Wane iri?"

Jinjiri ya dubi wuƙar, ya dubi ƙasa. "Na soyayya. Kashi na biyu."

Mahaucin ya daɗe yana dubansa tun daga akwati har takalmi. Sannan ya juya ya yi magana cikin gida. Muryar mace ta amsa daga nesa cewa ba ta gama ba, a ce masa ya dawo kasuwa mai zuwa.

"Ka ji," in ji mahaucin.

"Don Allah, Malam, aurena ne a cikin littafin nan."

"Allah ya daidaita. Amma in ta gama ni zan karɓa, tun jiya nake jira." Ya kama ƙyaure zai rufe, sai ya dakata, ya rage murya. "Na ukun yana cikin akwatin nan?"